Fanko Daban, Babu Daban: Yadda Ake Rarraba Adireshin Intanet Ba Tare da An Cuɗa Su Ba

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu rubuta manhaja, kowa da sigar da ya kawo ta. Wani ya ce manhajarsa ta karɓi adireshi, ta rarraba shi, ta sake haɗa shi, sai alamar tambayar da ke ƙarshensa ta ɓace. Wani ya ce mahaɗin da ya sa don share tacewa a shafin kayansa ya ƙi share komai. Wata kuma ta ce fom ɗinta ba ya bambance wanda ya bar gurbi ba rubutu da wanda bai ma aiko da gurbin ba. Ciwon duk ɗaya ne: manhajar ta ɗauki sashen da yake nan amma fanko, da sashen da babu shi sam, ta mai da su abu guda. Yaron da aka aiko da kwano fanko ya zo da saƙo, wanda kuma ya zo hannu rabbana labarinsa daban ne, kuma haka abin yake tsakanin `http://example.com/?` da `http://example.com/`.

Aikin ba ya buƙatar sayen komai. Harshen da kake rubutu da shi, da burauza mai wurin gwada JavaScript, da manhajar curl don ganin ainihin abin da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, take mayarwa, sun wadatar. Gyaran manhaja ƙarama bai kamata ya wuce rabin yini ba. Tsadar tana ga adireshin da ka riga ka ajiye bayan an yanke musu alamomi, domin waɗannan ba su dawowa sai idan kana riƙe da asalinsu a wani wuri.

1. San sassan da alamominsu

Takardar RFC 3986 ta shekarar 2005, wadda ita ce ma'aunin da yawancin laburare, wato shiryayyun kayan aikin da masu rubuta manhaja ke amfani da su, ke bi, ta raba adireshi gida biyar. Akwai ƙa'ida, kamar `https`, wadda `:` ke rufe ta. Akwai mazauni, wanda `//` ke buɗe shi, kuma a cikinsa ake samun sunan mai shiga, da sunan saba, da lambar ƙofa. Sai hanya, sai tambaya da `?` ke buɗewa, sai guntu da `#` ke buɗewa. Hukuncin a taƙaice yake: idan alamar ba ta bayyana ba, sashen babu shi, idan alamar ta bayyana amma ba abin da ya biyo ta kafin alama ta gaba ko ƙarshen adireshin, sashen yana nan, fanko ne.

Hanya ce kaɗai ta fita daga wannan hukunci, domin ba ta da alamar buɗewa, saboda haka kullum tana nan ko da ba harafi ɗaya a cikinta. Ƙa'ida kuma ba ta zama fanko. Ko dai tana nan da harafi aƙalla ɗaya, ko babu ita.

Gargaɗi: mutane sukan tuna da tambaya su manta da mazauni. A `file:///etc/hosts` mazauni yana nan amma fanko, a `file:/etc/hosts` da `mailto:` kuwa babu shi.

2. Gwada laburarenka kafin ka amince da shi

Kada ka dogara da abin da kake zato. Buɗe harshenka ka ba shi waɗannan adireshi huɗu, ka duba abin da zai ce game da tambaya da guntu: `http://example.com/a`, da `http://example.com/a?`, da `http://example.com/a#`, da `http://example.com/a?#`.

A Python, `urlsplit` kamar yadda aka saba kiransa yana mayar da `''` a duka huɗun, kuma idan ka miƙa sakamakon ga `urlunsplit` duk za su fito adireshi ɗaya. Abin mamakin shi ne laburaren nan ɗin yana kiyaye bambancin a wani wurin: `password` yana ba da `None` idan babu `:` bayan sunan mai shiga, ya ba da `''` idan akwai. A JavaScript, `URL` yana riƙe bambancin a cikinsa, shi ya sa `href` ba ya zubar da alamar, amma `search` da `hash` suna ba da `""` ko alamar tana nan ko ba ta nan. A Java, `getRawQuery()` da `getRawFragment()` na `java.net.URI` suna ba da `null` ga rashi da `""` ga fanko, sai dai `getAuthority()` yana ba da `null` ga `file:///x` duk da cewa alamar `//` tana nan. A Go, filin `ForceQuery` yana tuna `?` fanko, amma guntu ba shi da irin wannan fili, don haka `#` fanko yana salwanta. A PHP, `parse_url` ya fara bambancewa ne daga sigar 8.0; kafin nan tambaya fanko ba ta bayyana a sakamakon kwata-kwata. Laburaren `url` na Rust shi ne ya fi sauƙaƙa lamarin, domin `query()` yana tilasta maka duba ko akwai ko babu kafin ka taɓa abin da ke ciki.

Gargaɗi: yi wannan gwaji a kan sigar da ke gudana a sabar aiki, ba a kwamfutarka kaɗai ba. Manhajar PHP da aka rubuta a kan siga ta 7 mai duba `isset($sassa['query'])` za ta canza hali ranar da aka ɗaga ta zuwa ta 8, ba tare da an taɓa layi ɗaya ba. Ka kuma duba takardun sigarka ko an ƙara zaɓin kiyaye bambancin, kafin ka wahalar da kanka da mataki na gaba.

3. Rarraba da kanka inda laburare ya gaza

A JavaScript ba sai ka yi nisa ba. `url.href.includes("#")` zai gaya maka ko akwai guntu, `url.href.split("#")[0].includes("?")` kuma zai gaya maka ko akwai tambaya. Dole ne a yanke guntu tukuna, domin an halatta `?` a cikin guntu, kuma a `/a#b?c` babu wata tambaya.

A sauran harsuna, RFC 3986 kanta ta kawo tsarin regex, wato zanen neman rubutu bisa siffarsa, da ke yin wannan aiki a ƙarin bayaninta na B. Ga shi a Python:

```python
import re

TSARI = re.compile(
    r"^(([^:/?#]+):)?(//([^/?#]*))?([^?#]*)(\?([^#]*))?(#(.*))?"
)

def rarraba(adireshi):
    m = TSARI.match(adireshi)
    return m.group(2), m.group(4), m.group(5), m.group(7), m.group(9)
```

Rukuni na 2 shi ne ƙa'ida, na 4 mazauni, na 5 hanya, na 7 tambaya, na 9 guntu. Rukunin da bai shiga dacewar ba Python na mayar da shi `None`, wanda ya shiga amma bai kama komai ba kuma `''`, kuma wannan ne ainihin abin da muke nema.

Gargaɗi na farko: ba kowane harshe ke yin wannan adalci ba. `preg_match` na PHP yana ba da `""` ga rukunin tsakiya da bai dace ba sai ka sa masa `PREG_UNMATCHED_AS_NULL`. `FindStringSubmatch` na Go ma haka yake, saboda haka a can `FindStringSubmatchIndex` za ka kira, ka ɗauki -1 a matsayin rashi. Idan ka tsallake wannan, ka gudu ne daga ramin laburare ka faɗa ramin regex.

Gargaɗi na biyu: wannan tsari yana yanka ne kawai, ba ya tantance ingancin adireshi. Duk shirmen da ka ba shi zai raba maka. Kada ka yanke hukuncin tsaro da shi, kamar ko an yarda a tura mutum zuwa wata saba. Wannan aikin cikakken laburare ne.

4. Ajiye sakamakon da daraja uku

Kowane sashe da zai iya ɓacewa, banda ƙa'ida, yana da hali uku: babu shi, fanko, ko mai rubutu. Ka zaɓi abu ɗaya da zai wakilci rashi, `None` ko `null` ko abin da harshenka ya tanada, kuma kada ka bar shi ya rikiɗe a hanya. Daga nan sai ka bi manhajar layi-layi kana neman wuraren da aka rubuta `if tambaya:` ko `if (tambaya)`, domin a Python da JavaScript rubutu fanko ƙarya ake ɗaukarsa, daidai da rashi. Mai da su `if tambaya is not None:` ko `tambaya !== null`. Haka nan `tambaya or ""` da `tambaya || tsoho` suna shafe bambancin cikin shiru. A JavaScript `??` ne ke maye gurbin rashi kaɗai ya bar fanko yadda yake.

Gargaɗi: `empty()` na PHP ya fi duka haɗari, domin har rubutun `"0"` fanko yake ɗauka. Adireshi mai `?0` ko `shafi=0` zai wuce kamar ba a aiko da komai ba.

5. Sake haɗawa

```python
def hada(kaida, mazauni, hanya, tambaya, guntu):
    s = ""
    if kaida is not None:
        s += kaida + ":"
    if mazauni is not None:
        s += "//" + mazauni
    s += hanya
    if tambaya is not None:
        s += "?" + tambaya
    if guntu is not None:
        s += "#" + guntu
    return s
```

Alama tana komawa ne idan sashen yana nan, ba idan yana da rubutu ba. A JavaScript, `url.search = ""` yana cire tambayar da alamarta, `url.search = "?"` kuma yana barin ta fanko, kuma haka `hash` yake da `""` da `"#"`. Ka kuma sani cewa duk wani gyara ta hannun `searchParams` da ya bar jerin ba komai, cire `?` ɗin yake yi.

Gargaɗi: idan ka gyara hanya kafin haɗawa, har ta fara da `//` alhali babu mazauni, duk wanda ya karanta sakamakon zai ɗauki farkon hanyar a matsayin sunan saba. Ma'aunin WHATWG, wanda burauzoji ke bi, yana sa `/.` a gaban irin wannan hanya don ya hana hakan. Ko ka yi koyi da shi, ko ka ƙi karɓar adireshin.

6. Mahaɗan da suka dogara da adireshin shafi

A nan ne kuskuren ya fi cizo, kuma ni ma ya cije ni. Na taɓa rubuta wata ƙaramar manhaja da ke bin mahaɗan shafin wani shago tana neman waɗanda suka mutu. An fara ta ne daga wani adireshi mai tacewa, irin `/kaya?jiha=Kano&launi=ja`, kuma a saman shafin akwai mahaɗin share tacewa da aka rubuta `href="?"`. A burauza, da ka danna shi sai duk kayan shagon su bayyana. Manhajata kuwa ta haɗa `?` da adireshin shafin ta hanyar `urljoin`, ta sami adireshin da take kai ba canji, ta ce ai ta riga ta ziyarci wannan, ta wuce. Na kwana ina zargin saba, alhali cikakken jerin kayan yana nan, manhajar ce ba ta taɓa neman sa ba.

Hukuncin ma'aunin shi ne: idan mahaɗi ba shi da hanya, ana ɗaukar hanyar shafin da yake ciki, sannan idan yana da tambaya, ko da fanko ce, ita ake ɗauka, idan kuma babu, sai a gaji ta shafin. Da adireshin tushe `http://a/b/c/d;p?q`, mahaɗi fanko yana komawa `http://a/b/c/d;p?q`, `#s` yana ba da `http://a/b/c/d;p?q#s`, amma `?` kaɗai yana ba da `http://a/b/c/d;p?`. `urljoin` na Python 3.11 yana duba ne ko tambayar tana da rubutu, shi ya sa yake mayar da `?q` a wurin da ya kamata ya zubar da shi. Gwada wannan misali a kan laburarenka. Idan ya faɗi, sai ka duba mahaɗin da `rarraba` kafin ka miƙa shi, kuma idan hanyarsa fanko ce, ba ƙa'ida ba mazauni, tambayarsa kuma `''` ce, ka haɗa sakamakon da kanka ta `hada`.

Gargaɗi: `href="#"` da `href=""` ba ɗaya ba ne. Na farko yana mai da mutum saman shafin ba tare da an sake neman komai daga saba ba, na biyu kuwa sake loda shafin yake yi da tambayarsa.

7. Turawa zuwa wani adireshi

Burauza ba ta aika guntu ga saba, amma tana riƙe da shi. Bisa RFC 9110, idan saba ta tura mutum wani wuri kuma adireshin da ke cikin `Location` ba shi da guntu, burauza za ta liƙa masa guntun adireshin farko. Idan kuwa yana da guntu, ko da fanko, to an rufe ƙofar gado. Saboda haka idan guntun farko yana ɗauke da abin da ba ka so ya isa shafi na gaba, ka ƙare adireshin turawar da `#`, sannan ka tabbatar da `curl -I` cewa alamar ta fito a amsar saba, domin laburaren da ke gina amsar yana iya yanke ta yana ganin gyara yake yi maka.

8. Abin da ke cikin tambayar kanta

A cikin tambaya halayen sun zama huɗu: babu sunan sam, ko `?suna`, ko `?suna=`, ko `?suna=Audu`. Fom na HTML yana amfani da wannan bambanci kai tsaye. Gurbin rubutu da aka bari ba komai yana tafiya a matsayin `suna=`, amma akwatin zaɓi da ba a danna ba, da gurbin da aka kashe, ba sa tafiya ko kaɗan. Idan fom ɗin na gyara bayani ne, `lamba=` yana nufin mutumin ya goge lambarsa da gangan, rashin `lamba` kuma yana nufin a bar ta yadda take. Manhajar da ta cuɗa su, ko dai ta hana mutane goge abin da suke son gogewa, ko ta goge abin da ba su taɓa ba, kuma na biyun ya fi muni.

A Python, `parse_qs` da `parse_qsl` suna zubar da duk suna mai daraja fanko sai ka sa `keep_blank_values=True`. A JavaScript, `get()` na `URLSearchParams` yana ba da `null` ga rashi da `""` ga fanko, kuma akwai `has()`. A Go, `Get` yana ba da `""` ga duka biyun, don haka `Has` za ka kira, wanda ya shigo a siga ta 1.17.

Bambancin `?suna` da `?suna=` kuwa kusan duk waɗannan laburare sun haɗiye shi, kuma idan suka sake rubuta tambayar `suna=` suke fitarwa. Yawanci ba damuwa. Inda ake damuwa shi ne idan za ka miƙa adireshin ga wata saba, kamar masu `?wsdl`, ko idan an sa masa hannu da lissafin sirri wanda harafi ɗaya ke ɓata shi. A irin wannan hali kada ka rarraba tambayar ka sake gina ta. Miƙa ta yadda ta zo.

Gargaɗi: wasu ma'aunai da kansu suka ce a haɗa. OAuth 2.0, ma'aunin ba manhaja izinin shiga, a RFC 6749, ya ce sunan da aka aiko ba daraja a ɗauke shi kamar ba a aiko shi ba. Sa hannun siga ta 4 na AWS, sabobin haya na kamfanin Amazon, kuma yana mai da `?acl` zuwa `acl=` kafin lissafi. Inda ma'auni ya yi magana, shi ake bi.

9. Saba da rumbun bayanai

Wani lokaci bambancin yana mutuwa tun kafin ya iso manhajarka. Ma'aunin CGI, hanyar da saba ke miƙa buƙata ga manhaja, ya ce `QUERY_STRING` ya zama fanko idan babu tambaya, saboda haka ba a gane komai daga gare shi, sai an nemi asalin layin buƙatar. A manhajar saba ta nginx, `$is_args` fanko ne ga `/a?`, don haka `$uri$is_args$args` yana yanke alamar, `$request_uri` kuwa yana kawo abin yadda ya zo. A dokokin sake rubuta adireshi na nginx da na Apache, `?` a ƙarshen sabon adireshi umarni ne na a zubar da tsohuwar tambaya, kuma wanda ya goge shi da sunan tsabtace fayil ya canza aikin dokar.

A rumbun bayanai, `NULL` ne rashi, `''` ne fanko, kuma da `IS NULL` ake neman na farko. PostgreSQL yana bambance su, Oracle kuwa yana mai da rubutu fanko `NULL`, don haka a can sai ka ƙara ginshiƙi mai cewa alamar tana nan ko ba ta nan. CSV ma yakan shafe bambancin, haka `omitempty` na Go idan ana rubuta JSON. Shawarata a nan ba ta da wani salo: duk yadda ka rarraba, ka ajiye asalin adireshin a ginshiƙinsa ba tare da ka taɓa shi ba.

10. Yanke shawarar inda za a haɗa su

Ba kowane fanko ne ya cancanci riƙewa ba. RFC 3986 ta ce `http://example.com`, da `http://example.com/`, da `http://example.com:/`, da `http://example.com:80/` duk ɗaya ne, wato ƙofa fanko da hanya fanko a `http` ana iya daidaita su. Amma ta ce ba za a ɗauka `http://example.com/?` daidai yake da su ba, kuma adireshi biyu da `#` kaɗai ya raba su daban suke ko wace ƙa'ida ce.

Idan ka san sabarka tana ba da amsa ɗaya ga `/a` da `/a?`, kana iya haɗa su don ƙirgar baƙi ko ma'ajiyar wucin gadi, musamman tun da fom na GET marar gurbi yana haifar da `?` fanko da kansa. Sharaɗin shi ne a yi haɗin a aiki guda mai suna, wanda ke fitar da kwafi don kwatantawa kawai, ba a wurin rarrabawa ba. Adireshin sabar wani kuwa, wadda ba ka san halinta ba, ka bar shi yadda mai shi ya rubuta.

11. Gwajin zuwa da dawowa

Rubuta gwaji da ke tabbatar da cewa `hada(*rarraba(x))` daidai yake da `x`, harafi da harafi, ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan: rubutu fanko, `?`, `#`, `?#`, `//`, `/a#b?c`, `file:///x`, `file:/x`, `mailto:a@example.com`, `http://example.com:/`, `http://u:@example.com/`, `http://example.com/?a`, `http://example.com/?a=` da `http://example.com/?0`. Sannan ka ƙara misalai ukun da ke mataki na 6, da gwajin fom mai gurbi fanko da akwatin da ba a danna ba.

Gargaɗi: idan `URL` na JavaScript kake gwadawa, wasu daga cikin waɗannan ba za su dawo yadda suka tafi ba, kuma ba laifinka ba ne. Ma'aunin WHATWG yana zubar da `:` na ƙofa fanko, yana mai da `u:@` zuwa `u@`, yana kuma mai da `file:/x` zuwa `file:///x`. A can sai ka rubuta sakamakon da ake sa rai da hannu, ka bar gwajin daidaito harafi da harafi ga tambaya da guntu, sannan ka sa duka gwaje-gwajen su riƙa gudana duk lokacin da aka ɗaga sigar harshe ko ta laburare.